Wa Ke Tsara Darasin? Haɗin Gwiwa da Ƙetare da Ƙwarewar Malamin Jami'a a Fasahar Zamani

Da haɗin gwiwa aka haifi jami'a a Nijeriya. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, can ake amincewa da manhajar karatunta da jarrabawarta, digirin da ɗalibanta ke karɓa ma na Landan ne har zuwa 1962. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ba a jima ba malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka suka iso da kuɗin hukumar USAID, suka sa hannu wajen tsayar da tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi. Sun yi shekaru a Samaru, sun shiga aji tare da 'yan ƙasa, an tura matasan malamai karatu sun dawo sun gaje su. Ko me za a ce game da siyasar da ta kawo su, da suka tafi tsangayoyin sun tsaya da ƙafarsu.

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: me ya sa haɗin gwiwar da aka yi ta ƙullawa tun ƙarshen shekarun 1990, don shigar da kwamfuta da intanet cikin koyarwa, bai bar irin wannan gado ba sai jefi-jefi? Kuɗi sun shigo, kaya sun zo, an yi bita ba adadi. A ganina amsar tana ga abu biyu da aka cika tsallakewa, wato hannun da ya tsara darasin, da kuma ko jami'ar malamin ta ɗauki wannan wahala a matsayin aikin da take biyansa dominsa.

A fara da Jami'ar Afirka ta Intanet, wadda aka fi sani da AVU, domin tarihinta kaɗai ya isa hujja. Bankin Duniya ne ya ƙaddamar da ita a 1997, daga baya hedikwatarta ta koma Nairobi. Tsarinta na farko shi ne farfesa ya tsaya a Amurka ko Kanada ya yi lacca, tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ɗalibai a Kumasi ko Kampala ko Addis Ababa su zauna gaban allon talabijin suna kallo. Malamin gida nasa shi ne ya buɗe ɗaki, ya raba takardu, ya taimaka da bayani in an tashi. Daga baya aka shigo da digirin jami'o'in RMIT da Curtin na Ostireliya, da na Laval ta Kanada don masu Faransanci. Tsarin ya yi tsada, ya dogara da masu ba da tallafi, kuma ko da ɗalibi ya amfana, malamin gida bai koyi tsara komai ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da kuɗin Bankin Raya Afirka, AVU ta juya akala: aka tara malaman jami'o'in Afirka suka rubuta darussa 73 na horar da malaman lissafi da kimiyya da kwamfuta, aka fitar da su cikin Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal, aka sake su kyauta. Laccocin tauraron ɗan'adam sun wuce da zamaninsu. Waɗanda suka zauna suka rubuta darussan nan kuwa sun koma sassansu da sanin yadda ake tsara karatun da ɗalibi zai bi ba tare da malami na tsaye a kansa ba.

Zango na biyu na wayoyi ne da na'urori. A 2000 gidauniyoyi huɗu na Amurka, Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller, suka haɗa kai don tallafa wa jami'o'in Afirka, wasu uku suka biyo baya, kuma kafin a rufe shirin a 2010 an kashe kimanin dala miliyan 440 a ƙasashe tara. A Nijeriya MacArthur ta riƙe Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal, Carnegie ta riƙe Jos da Ife. Abin da ya fi fice a aikinsu shi ne haɗa jami'o'i a 2005 su sayi layin intanet na tauraron ɗan'adam a dunƙule, farashi ya faɗo zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da suke biya a da. Wannan aiki ne na gaske, wanda ya yi zamani da shagunan intanet na bakin jami'a, inda ake jiran shafi ɗaya ya buɗe har a ƙosa, ba zai raina shi ba. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, sai dai daga gaɓar teku zuwa ɗakin lacca a Kano ko Sakkwato akwai tafiya, kuma kuɗin wannan tafiyar jami'a ce ke biya. A 2014 aka buɗe NgREN, layin da ya haɗa jami'o'in tarayya 27 da tallafin Bankin Duniya. Da tallafin ya ƙare, wa zai ci gaba da biya ya zama babbar matsalar NgREN.

A wannan zango akwai wata ƙaramar dabara da ta fi burge ni. Cliff Missen, Ba'amurken da ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga da idonsa yadda rashin layi ke kashe bincike. Da ya koma Jami'ar Iowa sai shi da abokan aikinsa suka fito da eGranary: a nemi izinin masu littattafai da shafukan ilimi, a kwafe su a faifan ajiya guda, a kawo a ɗora a kan kwamfutocin jami'a, ɗalibi ya yi bincike ko babu intanet. Abin lura shi ne dabarar ta fito ne daga zama cikin matsalar. Sai da baƙon ya sha abin da malamin gida ke sha kullum kafin ya gane abin da ya kamata a gina.

Shekarar 2020 ce ta gwada duk wannan. A watan Maris gwamnati ta rufe makarantu saboda korona, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma karatu ta intanet. Jami'o'i masu zaman kansu da dama sun yi hakan, kowace gwargwadon ƙarfinta. A na gwamnati kuwa ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 23 ga Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Za a iya cewa yajin aikin ne ya hana, amma da aka dawo a 2021 da dokar ba da tazara, aka ce manyan azuzuwa su koma intanet, sai gaskiya ta yi halinta. Malamai masu tarin takardun shaidar bita sun iya buɗe Zoom, sun iya ɗora takarda a dandalin karatu na Moodle, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka tsara kwas guda daga farko zuwa ƙarshe don a koyar da shi daga nesa.

A nan ya kamata a tsaya a fayyace irin ƙwarewar da ake magana a kai, don an daɗe ana rikita ta da iya latsa na'ura. A ɗauki malamin da ke da ɗalibai 500 a kwas na gama-gari a aji ɗaya. Ya sa lacca kai-tsaye ƙarfe goma na safe. Minti ashirin da farawa wakilin aji ya turo masa saƙo: "Malam, rabin aji ba su shigo ba. Wasu data ta ƙare, wasu wayarsu na wurin mai caji, 'yan ƙauye kuma sun ce sabis ba ya kamawa." Waɗanda suka shigo ma murya na yankewa, allon da ya cika da rubutu ƙanana ba ya karantuwa a fuskar waya. Malamin da ya ƙware ba ya sake wannan kuskure. Mako mai zuwa sai ya yanka laccar gida huɗu, kowace saƙon murya na minti takwas ko goma, wanda ba ya cin fiye da 'yan megabait, alhali bidiyon awa guda kai-tsaye na iya cin ɗaruruwa. Ya haɗa da shafi biyu masu manyan haruffa. Ya raba ajin rukuni-rukuni a WhatsApp, kowane da shugabansa. Ya ba da jinga da wa'adin kwana uku, domin ɗalibar da ke da aure da goyo, wadda sai dare take samun kanta, ta iya saurare ta amsa. Ya tsara tambayar ta yadda ba za a kwafo amsarta ba: je ka kasuwar garinku ka tambayi farashin kaza, ka yi lissafin da kanka. Duk wannan hukunci ne na koyarwa, kuma babu wata bita ta kwana uku a otal da ke ba da shi. Aji ne ke koyar da shi, tare da abokin aiki da zai duba ya ce nan ka yi daidai, nan ka sake.

Ma'aunan da ake kawo mana daga waje ba su da laifi a kan kansu. Na Tarayyar Turai, DigCompEdu, wanda ya fito a 2017, ya kasa ƙwarewar malami gida 22 a fannoni shida, kuma ya ba koyarwa da auna fahimtar ɗalibi muhimmanci fiye da na'ura. UNESCO ma tana da nata, wanda ta sabunta a 2018. Sai dai an rubuta su ne a inda wuta da layi ba abin tunani ba ne. Ba su yi zancen malamin da zai shirya darasi iri biyu ba, ɗaya na in akwai wuta, ɗaya na in babu. Ba su san da ɗalibin Gusau ba, wanda a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jiharsa baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Ko a ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi sun ji a jikinsu. Koyarwa cikin irin wannan hali fanni ne mai zaman kansa, kuma malaminmu ya fi abokin hulɗarsa na Turai saninsa nesa ba kusa ba. Abin takaici shi ne a mafi yawan yarjejeniyoyi shi ake zaunarwa a kujerar mai koyo.

Sai maganar lada, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin laifin nan namu ne, ba na baƙo ba. A yawancin jami'o'inmu maƙalun da aka buga su ke ɗaukar kaso mafi tsoka na makin ƙarin girma. Matashin malamin da ya kwashe wata uku yana tsara kwas na intanet, yana naɗar murya da kuɗin datarsa, in lokacin tantancewa ya zo ba shi da abin nunawa. Takwaransa da ya karanta tsofaffin takardun lacca ya tafi ya rubuta maƙala biyu ya wuce shi. Wane mai hankali ne zai maimaita? Haka kuma ma'aikatan sashen kwamfuta, waɗanda su ke riƙe da na'urar da darussan ke ciki. Su ake fara horarwa a kowane shiri, su ne kuma ke fara tafiya, don banki ko kamfanin waya ko wani kamfani a ƙetare zai biya su ninkin albashin jami'a. Moodle kyauta ne tun fitowarsa a 2002, amma mai kula da shi ba kyauta ba ne. Manhajojin da ake biya da dala kuwa, tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kuɗinsu ya ninka. Ga wuta: Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, amma da aka ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kowane kilowat na awa guda a watan Afrilu na 2024, jami'o'i da dama sun koma rabon wuta da awa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma shirin da ba a sa shi a kasafin jami'a ba aro ne ko da ya shekara biyar.

Shirin Cibiyoyin Ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara a 2014 ya yi ƙoƙarin gyara wani ɓangare na wannan, ta hanyar sakin kuɗi bisa sakamako: ɗalibai nawa aka yaye, nawa suka zo daga maƙwabtan ƙasashe, kwas nawa ya samu amincewar hukumomin tantancewa na waje. Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikin rukunin farko. A zagaye na gaba aka samu ACETEL a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, mai nazarin koyo ta hanyar fasaha, da ACENPEE a Zariya, mai neman sababbin dabarun koyar da injiniyanci. An ga amfanin tsarin. Amma ma'auninsa ya karkata ga digiri na biyu da na uku da bincike, shi ya sa za ka tarar da cibiya tsaf, da wuta da layi mai sauri, ajin 'yan shekarar farko da ke gefenta kuwa bai san ana yi ba.

Akwai salon haɗin gwiwa da nake ganin ya fi kusa da magance matsalar daga tushe. Jami'ar Jihar New York ce ta yaɗa shi, ta buɗe masa cibiya a 2006, ana kiransa COIL. Malamai biyu a ƙasashe biyu ke zama su tsara wani yanki na kwas tare, na 'yan makonni, su cakuɗa ɗalibansu rukuni-rukuni su yi aiki guda ta intanet. Kowane ɗalibi jami'arsa ke ba shi maki, babu kuɗin makaranta da ke tsallaka iyaka, babu biza, babu tikitin jirgi. Afirka ta Kudu ta gwada shi da gaske a shirin iKudu da aka fara a 2019 da kuɗin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, jami'o'inta biyar da biyar na Turai, kuma Jami'ar Free State ce ta ja ragama, ba wata ta Turai ba. Falalar salon ita ce ba yadda za a yi malami ya zama ɗan kallo. Dole ya yi gardama da abokinsa kan abin da za a karanta, da yadda za a auna, da dandalin da wayar ɗalibansa za ta iya ɗauka. A cikin wannan gardamar ƙwarewar ke samuwa. Muhimmancinsa ya ƙaru yanzu da hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ta dakatar da tura malamai karatu ƙetare daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda ke tafiya ba su dawowa.

Ba na ɓoye wahalarsa. Tsakanin Kano da New York akwai awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Abokin hulɗa yana sanin ranar da zangonsa zai fara shekara guda kafin lokacin, namu kuwa yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya isa ya rusa kowane alkawari. Sannan akwai haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa: a mai da ɗalibanmu masu kawo bayani, su shiga unguwa su ɗauko hoto da hira, ɗaliban can su yi nazari su rubuta. In aka yi haka an dawo gidan jiya. Wajibi ne tun a takardar yarjejeniya a rubuta wa ke da mallakar darussan da aka naɗa, a kwamfutar wa za su zauna, da ko malamin gida zai iya ci gaba da amfani da su bayan an rufe asusun shirin.

Inda aka samu daidaito, za ka tarar ɓangarenmu ya zo da abin da ɗayan ba shi da shi. Aikin da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta a Jami'ar Boston, na ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka da mayar da su kayan koyarwa, ba zai yiwu ba sai da masana na gida, ciki har da na Jami'ar Bayero, masu iya karanta rubutun warash da gane hannun marubuta. Haka NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta tare da abokan bincike daga ƙasashe daban-daban, inda aka tantance dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan Ingilishi don koya wa kwamfuta gane yabo da suka. Matasan da suka yi wannan aiki sun fito da ƙwarewar da suke koyar da wasu yau. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo aji tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, an fara sabon yayin bita a kanta, kuma ina tsoron a maimaita tsarin AVU na farko da sabon suna.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda idonmu ke tsallake maƙwabta. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a can, akwai ta André Salifou a Damagaram, akwai ta Abdou Moumouni a Yamai. Agogonmu ɗaya, daminarmu ɗaya, matsalar wuta da data iri ɗaya ce, don haka babu wanda zai tsara darasin da wayar ɗan'uwansa ba za ta ɗauka ba. Su da Faransanci suke karatu, mu da Ingilishi, amma ɗaliban ɓangarorin biyu da yawa za su tattauna da Hausa ba tare da tafinta ba. Abin koyo kuma yana nan: tun shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya tofo a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi, har filaye masu faɗin gaske suka sake yin itatuwa. Ɗalibin aikin gona a Kano ko Dutsin-Ma zai ƙaru da jin wannan daga bakin ɗan manomin da ya yi shi, shi kuma yana da abin bayarwa kan noman rani da kasuwar hatsi ta Dawanau.

Dokar karatu ba ta hana ba. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar a watan Disamba na 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsayar da motoci, amma da akwai irin wannan aji da bai tsayar da shi ba. Abin da ya rage shi ne kuɗi kaɗan na data da naɗar darussa, da majalisar jami'a ta amince a lissafa wa malaman biyu aikin a cikin nauyin koyarwarsu da makin ƙarin girmansu. Masu ba da tallafi na ƙetare sun fi son shirin da jami'ar ƙasarsu ke ciki, don haka da wuya su biya wannan. TETFund ce ke da hurumin, kuma kuɗin da a da ake kashewa kan malami ɗaya a Ingila zai ɗauki nauyin azuzuwa da dama tsakanin Kano da Maraɗi.